Watan da Ban Lashi Burushi Ba

Tun ranar Litinin da aka kawo ku ɗakin nan nake jin abin da kuke faɗa a baranda. Wai aikin Baba Haladu ba aiki ba ne, zama ne a cikin sanyi, mutum ya kafa ido a madubin likita yana tsince-tsince kamar mai gyaran shinkafa. Ban ji haushi ba. Ni ma ranar da na fara leƙowa haka na ce, kuma ni ina da hujja, don daga wurin fasa dutse na Mpape na fito, guduma ta cinye mini tafin hannu. Ku kuwa daga jami'a kuka fito, abu mafi nauyi da kuka taɓa ɗagawa shi ne waya.

Bari in fara gaya muku abin da muke yi, don na lura wasunku har yanzu sun ɗauka zinariya muke nema. Can a teku, jirgi ne yake soka dogon bututu cikin lakar ƙasan ruwa ya zaro ta. Lakar sama ta kwanan nan ce, ta ƙasa kuwa ta zamanin da ba wanda ya san labarinsa. A yanka ta gunduwa-gunduwa, a sa wa kowace lamba, a ɗoro mana a mota har Garki, inda ko kogin kirki ba mu da shi. A cikin lakar akwai ɓawon wasu 'yan halittu masu kama da katantanwa, amma kowace ba ta kai ƙwayar acca ba. 'Yan boko suna ce musu foram. Lokacin da suke raye, da abin da ke cikin ruwan suke gina ɓawonsu. In ruwan yana da wadatar oksijin, wato iskar da kifi ke shaƙa, aidin yakan shiga ɓawon da yawa, aidin dai irin wanda ake ɗiga wa ciwo. In iskar ta yi ƙaranci, kaɗan ne zai shiga. Saboda haka in aka auna aidin ɗin da ke cikin ɓawo, an san halin da teku take ciki a zamanin. Awon ba namu ba ne, injinsa yana ƙasar waje. Namu shi ne mu wanke laka, mu tsinto su ɗaya bayan ɗaya, mu miƙa su da tsabta. Ni ban taɓa ganin teku da idona ba, amma na fi shekara ashirin ina tace mata laka.

Aikin farko da na yi a gidan nan dako ne. Mota ta kawo kwalaye, aka fita titi neman masu saukewa, aka same mu mu huɗu muna zaune a ƙarƙashin bishiya. Sauran ukun suna jefar da kwali kamar buhun siminti. Ni kuwa ranar bayana yana ciwo, sai nake durƙusawa in ajiye a hankali. Wani gajeren mutum mai farin gashi yana tsaye yana kallo. Shi ne Oga Yohanna, ɗan asalin yankin Karmo, wanda ke riƙe da ɗakin nan a lokacin. Ya ɗauka natsuwa ce da ni, ni kuma ban gyara masa ba. Aka ɗauke ni shara da wanke-wanke.

Na yi kusan shekara ina wanke rariya kafin ya bar ni in zauna a gaban madubi. Kada ku raina rariyar nan ta tagulla. Ba a cuɗa laka a cikinta da yatsa, ruwa ake sakar mata a hankali har laka ta tafi ta bar yashi. In an gama, a wanke ta, a tsoma ta cikin shuɗin ruwa, don duk ɓawon da ya maƙale ya rine. Gobe in ka ga shuɗin foram a cikin sabon samfuri, ka san baƙo ne, ka cire shi. Sannan a busar da yashin a akwatin zafi, wuta can ƙasa-ƙasa. Akwatin nan ba na ɗumama abinci ba ne. Na faɗa ne don an taɓa samun alala a ciki, kuma mai ita digiri biyu gare shi.

Ranar da Oga Yohanna ya yarda in koyi tsinta, bai ba ni foram ba. Acca ya kawo daga gida, ya gauraya da yashi a baƙin faranti, ya miƙo mini burushi mai bakin da bai kai gashin gira kauri ba. Ya ce in ware su. Na danna, acca ta yi tsalle ta bar farantin. Na yi numfashi, rabin aikin ya tashi. Ya tsaya a bayana ya ce, "Haladu, wannan aiki ba ta son ƙarfi. Ƙarfi, ka bar shi Mpape." Mako uku na yi a kan acca, har na fara ganinta a cikin tuwo.

Shi ne kuma ya koya mini lasar burushi. Busasshen burushi ba ya ɗaukar komai. In ka tsoma shi a ruwa ya jiƙe da yawa, sai ya kwashi biyar maimakon ɗaya, ya bar maka tabki a faranti. Amma in ka ɗora bakinsa a kan harshe ka ɗan murza, sai ya yi tsini, ya yi danshi daidai, foram ta manne kamar an kira ta. Haka wanda ya koya masa ya yi, haka shi ma ya yi. A lokacin masu kawo mana aiki mutanen man fetur ne. Su abin da suke so shi ne a gaya musu wace iri ce, guda nawa ce, don su san zurfin da suka kai. Ba ruwansu da abin da ya taɓa ɓawon. Abu na biyu da ya ɗora mini shi ne littafi: kowane samfuri ka taɓa, rubuta lambarsa da ranar da ka fara da ranar da ka gama. Karatuna bai wuce firamare ba, amma wannan na riƙe shi.

Masu kawo aiki kala-kala ne. Akwai ɗalibin da zai zo da laka a ledar burodi, ba lamba ba suna, ka tambaye shi wacce ce ta sama, ya ce yana jin wannan ce. Akwai wani Alhaji da ya haƙa rijiya a gidansa ya ga yashi yana ƙyalli, ya naɗo shi a hankici ya zo da direba da ɗan rakiya. Na duba na ce masa yashi ne. Ya ce in ƙara dubawa. Na ƙara, ya ƙara zama yashi. Ya tafi yana cewa za mu bi bayansa mu haƙe masa gida.

Shekarar da nake so in ba ku labari, Oga Yohanna ya riga ya yi ritaya ya koma gonar doyarsa, ni ne babba a ɗakin. Sai Farfesa, shugabanmu a gidan nan, ya kawo wata ɗaliba, Malama Bilkisu, 'yar wani ma'aikacin gwamnati a nan Garki. Ita ce ta fara kawo mana aikin aidin. An yi mata alkawarin gurbin bincike a wata jami'a ta ƙasar waje, da sharaɗin ta aika da sakamakonta kafin wata rana da aka tsayar. In ranar ta wuce, gurbin na wani ne. Tun ranar farko ta gaya mini haka, ba ta ɓoye ba.

Ta kuma gaya mini wani abu. Ta ajiye 'yar kwalbar tataccen ruwa kusa da madubina ta ce, "Baba, don Allah da wannan kaɗai za a jiƙa burushi. Abin da muke aunawa ɗan kaɗan ne ƙwarai, komai ya taɓa ɓawon zai iya ɓata shi."

Na ce to. A raina kuwa na ce yarinyar da aka haifa ina riƙe da burushi ita za ta koya mini jiƙa shi. In tana ɗakin, in tsoma a kwalba. In ta fita, harshe ya koma bakin aikinsa. Ba zan ce muku mantuwa ba ce. Wani lokaci hannu ne yake kai kansa, amma yawanci ina sane, don ya fi sauri kuma na ɗauka na fi ta sani. Ga shi a shekarar dasashina yana damuna saboda goro, mai kemis a Mpape ya ba ni wani maganin kurkure baki mai ruwan ƙasa, ina yi safe da rana. Ban taɓa karanta jikin kwalbar ba.

Kowane samfuri foram hamsin take so, iri ɗaya, girma ɗaya, ba fasasshe. In rana ta yi kyau in gama ɗaya, wani lokaci ɗaya da rabi. Muka fara daga lakar sama muna gangarawa ƙasa. Ita kuma ta karɓa ta murƙushe su tsakanin gilashi biyu, ta wanke da magungunanta, ta ɗura a 'yan kwalabe. Muna tsakiyar bututun sai azumi ya kama. Na tambayi limamin unguwarmu ko mutum zai iya ɗora burushi mai lakar teku a harshe yana azumi. Ya kalle ni ya ce in sake tambayar. Na sake. Ya ce shi dai bai taɓa cin karo da wannan ba, amma in bar abin da nake shakka. Saboda haka watan nan gaba ɗaya da kwalbar Malama Bilkisu na yi aiki, tana nan ko ba ta nan, maganin kurkure baki ma sai bayan shan ruwa. Ran jajiberin salla aka tashe mu da azahar, na bar samfuri mai lamba sittin da uku a rabi, ashirin da biyar na tsinta. Bayan salla na dawo na cika sauran da harshe.

Aka aika da kwalabe ƙasar waje, aka yi wata biyu, sakamako ya dawo. Ranar ta shigo ɗakin nan da takarda a hannu, mayafinta yana jan ƙasa ba ta sani ba. Ta shimfiɗa takardar a kan teburina. Layin awon aidin ne yana tafiya a sama, sai ya faɗo ƙasa tim, ya yi tafiya a ƙasa, sannan ya hau ya koma inda yake. Ta ce wannan ramin wani zamani ne da teku ta rasa iska shekaru dubbai, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa a wannan yankin. Farfesa ya gani, ya kira abokansa, har an fara maganar sunan da za a sa wa abin. Ta ɗora yatsa a kan wani ɗigo ɗaya da ya tsaya a tsakiya, ba sama ba ƙasa, ta ce wannan ya fi burge ta, don shi ne ya nuna abin a hankali ya sauya. Na sunkuya na karanta lambar ɗigon. Sittin da uku.

Na yi mata barka. Da ta fita na jawo littafina. Ramin ya fara daidai kan samfurin da na ɗauka ranar ɗaya ga azumi, ya ƙare a jajiberi. Ko kwana ɗaya bai kauce ba. Na rufe littafin na sa a aljihun tebur, na zauna ina kallon bango. Tsoro ne ya kama ni, da kunya, kuma kunyar ta fi yawa.

Saura kwana shida ta aika da aikin. Kwana biyu ban ce komai ba. Na gaya wa kaina ai ta wanke su da magani, wataƙila yawun ya fita. Na gaya wa kaina wataƙila teku da gaske ta yi hakan, dacewa ce kawai. Ran Asabar na hau mota na tafi wajen Oga Yohanna. Na same shi a gona yana gyara kunyar doya. Na kwashe labarin duka na gaya masa. Bai daina aiki ba sai da na kai ƙarshe, sannan ya jingina da fartanya ya ce, "Lasa, ni na koya maka, wannan laifina ne. Amma ɓoyewa, ban koya maka ba. In ka yi shi, naka ne." Ya ba ni doya biyu na dawo.

Ran Litinin da safe na sa littafin da kwalbar maganin a leda na ƙwanƙwasa ofishinta. Tana cikin gyara rubutu, ta ce in zauna, na ce a tsaye zan faɗa. Na gaya mata yadda nake yi in ta fita, da abin da liman ya ce, da rabin samfurin jajiberi. Ta buɗe littafin ta ajiye kusa da takardarta, tana bin lambobi da biro ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye ni me nake sawa a baki da rana. Na ce goro, sai wannan. Ta juya kwalbar ta karanta jikinta. Aidin ne a ciki, an rubuta da manyan baƙaƙe. Ta ajiye ta a hankali a kan tebur.

Ta ce za a iya gwadawa, a raba samfuri ɗaya gida biyu, rabi da ruwa rabi da harshe, a aika. Amma kafin amsa ta dawo wata biyu ne, ita kuma kwana biyu ya rage mata. Sannan ta ɗago ta ce, "Baba, bayan ni da kai, wa ya sani?"

Na ce, "Sai wani tsoho a gona, kuma shi ba ya zuwa gari."

Ta daɗe tana kallon layin nan mai rami. Ni dai ina tsaye, kuma in gaya muku gaskiya, da ta ce mu rufe bakinmu da na rufe, har in gode mata. Turawan can ba su san ranar da aka ga wata a Najeriya ba, ba kuma wanda zai zo Garki ya buɗe aljihun teburina. Ta jawo kwamfuta ta fara rubutu. Na tambaye ta me take rubutawa. Ta ce tana gaya musu ba za ta aiko da aikin ba, akwai shakka a cikin awon.

Farfesa ya yi faɗa har ana jiyo shi daga wurin ajiye motoci. Ya nemi a gaya masa wa ya yi wannan ɓarna. Ina bakin ƙofa ina jira a kira sunana, na riga na fara tunanin ko har yanzu hannuna zai iya guduma. Ta ce masa kuskure ne wajen tsinta, kuma ita ce mai lura da tsintar, ita ya kamata ta zauna ta gani. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ya tambaya sau uku, sau uku ta maimaita.

Gwajin ya dawo kamar yadda muka zata. Rabin da na tsinta da harshe ya hau sama, rabin ruwa ya zauna a ƙasa. Ashe yawun da ya bushe a cikin ɗakunan ɓawon wata da watanni, wanki yana rage shi amma ba ya fitar da shi duka. Watan azumin nan shi kaɗai ne aikin da na yi mata na gaskiya. Allah ya sa dokar aikin ita ce a raba lakar bututu gida biyu a ajiye rabi. Muka ciro rabin ajiya muka fara daga lamba ɗaya. Wata goma sha huɗu muka yi, ni a wannan madubi, ita a wancan, don ta ce ita ma za ta koyi tsinta. Da sakamako ya dawo, layin a miƙe yake daga farko har ƙarshe. Teku ba ta yi komai ba a duk zamanin. Ta rubuta haka, aka ba ta digirinta, ba wanda ya kira abokansa.

Gurbin ƙasar waje kuwa tuni aka ba wani. Ta sake nema shekara biyu a jere, ba a dace ba, daga nan mahaifinta ya kwanta ciwo, maganar ta mutu. Ita ce Dakta Bilkisu da ke ofishin ƙarshen baranda, wadda ta sa hannu a takardunku. Har yau ba ta taɓa ganin injin da ke auna mata samfuri ba, sai a hoto.

Kullum da safe takan tsaya a ƙofar nan ta ce, "Baba, ina kwana, ya dasashin?" In ce da sauƙi, ta wuce. Shekara tara ke nan, ko sau ɗaya ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da ta zage ni ranar nan, da tuni na warke.